Taswirar da ke cikin kanka: yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe lungunan Nima da Mamobi

Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a Nima ya san irin amsar da ake bayarwa. Ba mai ce maka gida mai lamba kaza a titi kaza. Abin da za ka ji shi ne: "Ka sauka a randabawul, ka bi ta bayan kasuwa, in ka ga masallaci mai koren fenti ka karya hagu, ka tsallake kwata, ka wuce mai koko, sai ka tambayi gidan Zabarmawa." Baƙo ya saki baki, ya yi godiya, ya yi taku ashirin ya sake tambaya. Amma a kira yaro ɗan shekara 8 a ce ya raka shi, sai ka ga yaron ya kutsa lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki, ya ɓulla ƙofar gidan cikin minti biyar, yana tafe yana cin ƙosansa.

Tun farkon shekarun 1930 da Malam Amadu Futa ya samu filin da ya zama Nima, unguwar ba ta jira mai zanen gari ba. Wanda ya zo daga Sakkwato ko Dosso ko Gawo ya kafa ɗakinsa jikin na ɗan garinsu, ɗan sararin da ya rage tsakanin bango da bango shi ya zama hanya. Haka Mamobi, haka yawancin zangunanmu na Akra. Taswirar waɗannan lunguna a kawunan mutane take, kuma mu 'yan kasuwa da ita muke cin abinci. Dillalin da ya san wane shago ne a Tudu ke da kayan da kake nema, da kayaye mai ɗauko kaya daga Makola ta kai tasha, da mai okada, da yarinya mai tallan fura, kowannensu sanin hanya ne rabin jarinsa.

Ni a Mamobi na tashi, kasuwancin atamfa nake yi kamar yadda na tarar ana yi a gidanmu. Rashin lafiyar wani kawuna, wanda zan ba ku labarinsa a gaba, shi ya sa na zauna na bibiyi abin da masana suka gano game da inda wannan taswira take a cikin kai, da yadda ake gina ta, da yadda take rushewa. Na ga abu ne da ya kamata kowane gida ya sani.

Dokin teku biyu a cikin kai

Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunne, akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe da tsawonsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Likitoci na kiransa hifokamfus. Kalmar daga harshen Girka take, sunan wani ɗan kifi ne da ake ce wa dokin teku, kuma wani masanin jikin ɗan Adam na Italiya, Aranzi, ya raɗa masa ita tun ƙarni na 16 saboda kamannin siffa.

An daɗe ba a san aikinsa ba, sai da wani abin tausayi ya faru a Amurka. A 1953 wani saurayi mai shekara 27, Henry Molaison, yana fama da farfaɗiya mai tsanani. Likita William Scoville ya yi masa tiyata ya cire babban ɓangare na hifokamfus ɗinsa na dama da na hagu da naman da ke kewaye. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Sai dai daga ranar Henry bai ƙara riƙe sabon abu ba. A asibitin ya kasa gane hanyar banɗaki. Da iyayensa suka tashi suka koma wani gida a kan titi ɗaya da tsohon, watanni suka shuɗe bai riƙe adireshin sabon ba, alhali na tsohon yana kansa daram. Hankalinsa lafiya, maganarsa lafiya, ya san iyayensa. Brenda Milner, masaniyar da ta yi shekaru tana nazarinsa, duk zuwan da za ta yi sai ta sake gabatar da kanta. Ya rayu haka har 2008.

Daga kansa aka fahimci cewa hifokamfus ne ke rubuta sabon abin da ya faru da mutum, tare da inda ya faru. Shi ya sa in ka tuna ranar da aka yi maka wani babban ciniki, kana tunawa da rumfar da kake tsaye a ciki.

Ƙwayoyin da ke cewa "ga ka nan"

A 1971 John O'Keefe, wani masani a jami'ar UCL da ke Landan, ya sa siraran wayoyi a hifokamfus na ɓeraye yana sauraron ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, ɓeran na yawo cikin akwati. Sai ya lura wata ƙwaya ba ta motsi sai ɓeran ya kai wata kusurwa. Ya bar wurin, ta yi shiru, wata kuma ta ɗauka. Kowane gurbi da ƙwayoyinsa. Ya kira su ƙwayoyin wuri. A 2003 aka tabbatar mutum ma yana da su, lokacin da aka saurari ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ke jiran tiyata suna wasan tuƙa tasi a wani gari na kwamfuta. Ka ga ke nan in kana tafe daga ƙofar gida zuwa bakin babban titin Nima, wasu ƙwayoyi na kunnuwa wajen famfo, wasu wajen mai waake, wasu a kan gadar kwata, suna miƙa ka hannu da hannu.

To su ƙwayoyin wuri, wa ke gaya musu nisan da aka yi? Amsar ta fito daga Norwe a 2005. May-Britt Moser da Edvard Moser, a garin Trondheim, sun duba maƙwabcin hifokamfus, wani sashe da ake kira entorainal, wanda shi ne ƙofar da labari ke bi ya shiga. A can suka sami ƙwayoyin da kowace ɗaya ke kunnuwa a gurabe da yawa, kuma in aka ɗiga guraben a takarda sai su fito a jere, tazara daidai wa daida, kamar saƙar zuma. Waɗannan su ne ƙwayoyin awo. Wasu awonsu ƙanana ne, wasu manya. Da su ƙwaƙwalwa ke lissafa taku nawa ka yi kuma ta ina, ko da ido bai ga komai ba.

Mu a Gana muna da misalin da zai sa a gane wannan da sauri. A watan Oktoba 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar baki ɗaya gida gida, kowane gida mita 5 tsawo mita 5 faɗi, aka ba kowanne lambarsa. Abin da injiniyoyi suka yi da tauraron ɗan Adam, irinsa ƙwayoyin awo ke yi a cikin kanmu. O'Keefe da su Moser sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda wannan bincike.

Akwai kuma ƙwayoyin fuskanta, waɗanda James Ranck ya fara ganowa a 1984. Yawancinsu a sassan da ke kewaye da hifokamfus suke. Kowace tana kunnuwa ne in kanka ya fuskanci wata nahiya. Ba maganaɗisu suke ji ba. Da motsin ruwan cikin kunne suke aiki, da kuma alamun da ido ya gani. Duk wanda ya taɓa yin barci a motar dare daga Kumasi ya farka a tasha bai san gabas ba, ya ɗanɗana rikicewarsu. Kana hango hasumiyoyin Masallacin Ƙasa da ke Kanda, ko gadar sama ta Sakul, sai ka ji garin ya juyo ya zauna daidai a kanka. Sannan akwai ƙwayoyin iyaka, masu kunnuwa in ka matso jikin bango ko bakin rami. A unguwar da hanya kanta tsakanin bango biyu take, waɗannan ba sa hutu.

Kowane sashe da aikinsa

Shi kansa hifokamfus ɗakuna ne a jere, labari na shiga ta wannan ya fita ta wancan, kamar yadda kaya ke bi daga mota zuwa sito zuwa kanta.

Ɗakin farko ana ce masa dentet, saboda gefensa kamar jerin haƙora. Aikinsa rarrabewa. In abu biyu sun yi kama ƙwarai, shi ke ba kowanne tambarinsa don kada su cakuɗe. Lungu biyu masu bango iri ɗaya da kwano iri ɗaya, ko layin 'yan gwanjo a Kantamanto da kowace rumfa ke kama da ta kusa da ita, dentet ne ke sa ka san wannan daban wancan daban. Alhazai sun san wahalar wurin da ya fi ƙarfinsa: tantunan Mina, farare, dubbai, kowanne kamar ɗan uwansa. Bincike ya nuna wannan aikin rarrabewa na raguwa da shekaru, shi ya sa dattawanmu suka fi ɓata a irin wuraren nan ko da lafiyarsu ƙalau.

Ɗaki na gaba CA3. Harufan CA daga wani sunan Latin suke da aka ba wurin saboda ya murɗe kamar ƙahon rago. Ƙwayoyin CA3 a ɗaure suke da juna ta ko'ina, don haka in aka taɓa kaɗan daga cikinsu sai sauran su farka. Aikinsa cikasawa: a ba shi guntu ya kawo duka. Dare ya yi, an yi dumso, unguwa ta yi baƙi ƙirin. Ba ka ganin fentin masallaci, ba ka ganin allon shago. Amma ƙafarka ta taka wannan dutsen da ke girgiɗi, hancinka ya ji hayaƙin mai tsire, sai lungun gaba ɗaya ya bayyana a kanka, ka san saura kwana biyu ka isa gida. An gwada haka da ɓeraye: in aka lalata wani aikin CA3 suna gane wuri muddin alamun duka na nan, amma a cire mafi yawan alamun sai su ruɗe.

Sai CA1, wanda ke karɓar abin da CA3 ya tuno, yana kuma karɓar labarin abin da ke gabanka yanzu kai tsaye daga ƙofar entorainal. Masana da yawa na ganin a nan ake gwada na jiya da na yau. Ka dawo daga tafiyar wata uku ka tarar an ɗauke kwantenar da ka saba karya kwana a jikinta, wannan ɗan tsayawar da ka yi kana cewa "kai, wani abu ya sauya a nan", daga irin wannan gwaji take. CA1 ba ya jure yankewar jini. A 1986 likitoci a Amurka sun ba da bayanin wani mutum da wannan ɗaki kaɗai ya lalace a duka ɓangarorin biyu bayan jini ya gaza isa ƙwaƙwalwarsa, kuma hakan kawai ya isa ya hana shi riƙe sababbin abubuwa.

Ban da ɗakuna, gaban hifokamfus da bayansa ma sun bambanta. Bayan ya fi riƙe ƙananan bayanai dalla dalla, gaban ya fi riƙe faɗin wuri. A Trondheim an sa ɓeraye gudu a wata hanya mai tsawon mita 18, aka ga ƙwayoyin wannan ƙarshen gurbinsu bai kai mita ɗaya ba, na ɗaya ƙarshen kuwa ya kai kusan mita 10. A wajenmu, sanin cewa Madina na arewa, teku na kudu, Ashaiman ta wajen Tema, taswira ce babba. Sanin cewa ƙofa ta uku bayan injin niƙa ita ce taka, taswira ce ƙarama. Mutum na buƙatar duka biyun.

Direbobin Landan da madugan Gwanja

Tambayar da ta fi damun ɗan kasuwa ita ce: wannan abu haihuwa ce ko koyo? A Landan aka sami amsa. Kafin a ba mutum lasin tuƙa baƙar tasi a can, sai ya haddace tituna kusan 25,000 da ke cikin mil 6 daga tsakiyar gari, da dubban wurare, karatun da kan ci shekara 3 zuwa 4. A 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobi 16 da na'urar MRI, ta ga bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi. Gaban kuwa ya ɗan ragu.

Wasu suka ce ai wataƙila masu babban hifokamfus ne dama ke shiga aikin. Sai ita da Katherine Woollett suka bi mutum 79 tun suna fara karatun. Da aka kammala, 39 suka ci jarrabawa. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka ci, bayan hifokamfus ɗinsu ya ƙaru. Waɗanda ba su kai ga ci ba, ba a ga sauyi ba. Manya ne fa, ba yara ba, amma ƙwaƙwalwarsu ta ginu da aiki.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2006, da aka haɗa direbobin tasi da na bas. Duka suna yini a kan titi, duka suna shan hayaƙi da cunkoso. Amma direban bas hanya ɗaya yake bi kullum, kuma ba a ga wancan girma a wajensa ba. Dalili kuwa, bin hanyar da aka saba wani sashe ne daban ke ɗaukarsa, mai suna kaudet, wanda ke riƙe al'ada: in ka kai nan, karya dama. Hifokamfus yana tashi ne in ana buƙatar zaɓi, kamar ranar da ruwa ya cika kwata ko aka toshe titi don biki, dole ka ƙirƙiro wata hanya. In muka kawo darasin gida, direban trotro mai jigilar Nima zuwa Sakul safe da yamma ya fi kama da direban bas, mai okada da ke ratsa unguwa biyar a awa ɗaya ya fi kama da na tasi.

Kakanninmu ba baƙin wannan aiki ba ne. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja watanni suke yi a hanya, ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba na gaba yana nuna hanya. A kansu ake ajiye sanin inda rijiya take, da mashigin da ake ƙetarewa da rani amma ba a ƙetare shi da damina, da garin da sarkinsa ke tsawwala kuɗin fito, da hanyar kaucewa in an ji labarin 'yan fashi. Kalmar zango kanta daga nan ta fito, wato inda ayari ke sauka ya kwana. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akra, kowa ya sake gina sabuwar taswira a kansa. Irin haka ta sami 'yan albasarmu a Yuli 2021 da aka tashe su daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku: sabuwar tasha, sabon layin rumfuna, sabuwar hanyar da mai saye zai bi ya same ka.

Waya a hannu, taswira a kai

Yanzu kusan kowa na da Google Maps, direbobin Bolt da Uber kuma da ita suke aiki. Ni ma ina amfani da ita, musamman in zan kai kaya unguwar da ban sani ba. Amma ya kamata mu san abin da take karɓa a madadin sauƙin da take bayarwa. A 2017 masu bincike a Landan sun sa mutum 24 ratsa unguwar Soho a cikin kwamfuta ana kallon ƙwaƙwalwarsu. In mutum da kansa yake neman hanya, hifokamfus na ƙara motsi duk lokacin da ya shiga titi mai rassa da yawa. In kuwa umarni yake bi, karya nan, miƙe can, wannan motsi ba ya bayyana. A 2020 wani ƙaramin bincike a jami'ar McGill ta Kanada, kan direbobi 50, ya nuna waɗanda suka fi dogara da na'ura sun fi rauni wajen tuna wuri in an bar su su kaɗai.

Ga kuma labari mai daɗi ga iyayen da ke ganin lungu ba wurin tarbiyya ba ne. A 2022 an fitar da sakamakon wani wasan waya mai suna Sea Hero Quest, wanda aka auna mutum kusan 400,000 daga ƙasashe 38 da shi. Waɗanda suka tashi a karkara, da waɗanda suka tashi a birane masu murɗaɗɗun tituna, sun fi iya neman hanya a kan waɗanda suka tashi a birane masu miƙaƙƙun layuka irin Cikago. Yaron da ake aika sayen gawayi ta lungu bakwai yana wani karatu da ba a biyan kuɗinsa.

Abin da nake yi da yarana mai sauƙi ne. In za mu wani wuri, mu duba waya kafin mu fita, mu sa ta aljihu. A dawowa ɗaya daga cikinsu ne jagaba, ni ina biye, ko ya ɗan kauce ba na saurin gyara masa. Wani lokaci in tsaya in ce, "Nuna min gida da hannu daga nan." Sabon yaron shago da ya zo daga ƙauye kuwa, makon farko a ƙafa muke zagayawa da shi, ina nuna masa manyan alamu tukuna kafin ƙanana, sannan in bar shi ya yi barci isasshe. Tun 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin wurin da suka yi aiki tare da rana suna sake kunnuwa tare in ɓera ya yi barci, kamar mai tilawa. Wanda aka hana barci, an hana shi tilawar hanyar da ya koya.

Idan dattijo ya fara ɓata

Kawuna ya haura shekara 40 a Mamobi. Shi ke raka baƙi, shi ake tambaya gidan wane. Wata rana ya fita sallar magariba a masallacin da bai fi taku ɗari daga gida ba, har aka yi isha bai dawo ba. Wani yaron makwabta ne ya gan shi wajen Kotobabi yana tsaye bakin titi. Ya ce, "Baba, ina za ku da daren nan?" Ya ce, "Gida zan je, ɗana, amma an sauya hanyar." Da aka kawo shi, gida ya rabu biyu: masu cewa aljanu ne, da masu cewa kurciya aka yi masa. 'Yar yayata mai karatun aikin jinya ce ta dage a kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon mantuwa ne, ya kuma gano hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki, in ka zauna da shi zai zana maka garinsu na ƙuruciya a ƙasar Maraɗi da baki, daga bakin kasuwa har rijiya, bai tsallake gida ɗaya ba. Masana sun san wannan. A 1999 Larry Squire da Edmond Teng sun ba da bayanin wani dattijo da hifokamfus ɗinsa ya lalace ƙwarai: yana iya kwatanta hanyoyin unguwar da ya tashi fiye da shekara 50 baya, amma bai san komai game da unguwar da yake zaune a lokacin ba. Tsohuwar taswira takan samu wasu ma'ajiyai a ƙwaƙwalwa, ta baya bayan nan ce ke saurin tafiya. Ga iyayenmu da suka baro garuruwansu, wannan na nufin in tsoho ya ce zai tafi gida, mai yiwuwa gidan da yake nufi yana bayan iyakar ƙasa biyu.

Cutar Alzaima, wadda ita ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ciwon mantuwa, tana fara ɓarna ne tun da wuri a entorainal da hifokamfus, daidai inda ƙwayoyin awo da na wuri suke. Shi ya sa ɓata a wurin da aka sani ke cikin alamun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mu mukan ce gigin tsufa ne mu wuce. Mantar inda aka ajiye carbi ko makulli abu ne na kowa. Amma mutumin da ya tsaya a lungunsa bai gane shi ba, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko lissafin cinikin da ya ƙware a kai ya gagare shi, wannan na buƙatar likita.

Rashin sanin haka yana iya cin rai. A watan Nuwamba 2010, a Tema, wasu mutane suka ƙona wata tsohuwa mai shekara 72 da suka tarar a cikin wani gida suka ce mayya ce. Ɗanta ya shaida wa 'yan jarida cewa ba abin da ke damunta sai mantuwa da alamun tsufa. In kun ga tsohuwa tana yawo a unguwa ba ta san inda take ba, ku zaunar da ita, ku ba ta ruwa, ku nemi danginta ta hannun limami ko sarkin zango ko 'yan sanda. Kada ku bari taro ya haɗu a kanta.

Ga iyalan da abin ya shafa, ga abin da ya taimake mu. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana ɗaya, musamman da karkacewar baki ko sanyin hannu ko zazzaɓi, gaggawa ce: shanyewar jiki, faɗuwar suga, zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara duk suna kawo haka, a kira 112 ko a garzaya asibiti. Idan a hankali take zuwa, a fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Mamobi, daga can a iya tura mutum Korle Bu. Wasu dalilan mantuwa, kamar ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoshi ta tayirod da ciwon damuwa, suna da magani. Mun sa wa kawu kati a aljihun kowace riga, da lambar waya biyu da lambar GhanaPostGPS ta gida. Mun gaya wa limami da mai shago da masu okada na bakin layi, kowa ya zama ido. Ba mu kulle shi ba. Jikoki ke karɓa karɓa suna raka shi masallaci. Mun bar ɗakinsa yadda ya san shi, mun sa fitila a hanyar banɗaki, mun kuma fasa shawarar mayar da shi sabon gida a Kasoa, domin mai wannan ciwo sabon wuri ne ya fi ba shi wahala.

Mu da muke da sauran ƙarfi, akwai abin yi tun yanzu. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, bugun kai, kaɗaici da rashin motsa jiki. Maganar bugun kai ta shafi duk mai hawa okada babu hular kwano. A 2011 kuma wani bincike a Amurka kan dattawa 120 ya nuna waɗanda suka riƙa tafiyar ƙafa sau uku a mako har shekara guda, hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, alhali a wannan shekaru raguwa ya saba yi.

Mai shago da ke zaune kan benci daga safe zuwa dare, ya tashi ya taka. Ranar Laraba in za ki kasuwar Nima, Hajiya, ki je ta wata hanya ki dawo ta wata. A auna jini ko da wata wata ne. A kuma riƙa zama da tsofaffi ana tambayarsu hanyoyin da suka bi suka zo ƙasar nan, garin da suka kwana da kogin da suka ƙetare, a sa yara su rubuta, tun suna iya faɗa.